Rilwanu Bai Ga Gawa Ba

Aje kifin nan, Ummukulsum, rufe shi da faifai. Ba fushi kawunki Rilwanu ya yi da ke ba. Kin sayo mashi tsaraba daga kasuwar Gazawa, kin kyauta, sai dai uwarki ba ta gaya maki ba, shi ba ya cin kifi, ko warinshi ba ya zama kusa da shi. Ita tun da aka kai ta Tibiri labarin gidan nan ya zama na nesa gare ta. Miƙo mani nan, haƙoran da suka rage mani sun isa. Ki daina leƙen ƙofa kuma, ba shi dawowa yanzu, tasha ya koma.

Ke kin buɗe ido kin gan shi ɗan kamasho, shina ta kururuwa bakin titi, "Maraɗi mutum guda! Tasawa mutum biyu!", kin zaci haka na haife shi da baki buɗe. Ina! Cikin 'ya'yana babu mai nauyin baki kamarshi. Uwarki ce ta fari, ita ba ni faɗin sunanta, sai shi Rilwanu, sai biyu da suka koma tun suna goye, sai Auta. Shi Auta ba ki san shi ba, ana goyonki ya bar garin nan. Rilwanu in ya shiga gona da safe, sai an aika a kira shi. Auta kuwa in ka ba shi hauya, ka juya baya, sai ka iske hauyar tsaye ita kaɗai.

Abin da Auta ya iya, ruwa. Kin san tabkin nan na bayan gari. In rani ya yi, ruwa ya ja baya ya bar taɓo, maigari shi sa ranar su, wato kamun kifi na gari duka, kowa shi fito, mai koma da mai kwando, mata da ƙwarya, a yi ta damƙar tarwaɗa cikin laka. To wannan rana ta Auta ce. Tun ana kiran sallah shina bakin ruwa. Inda ruwa ya janye nan kifi ke taruwa, shi ya san haka tun bai iya ɗaura wando ba, kuma wanda ya riga shiga shi ke kwasar manya. Wata shekara ya yi mamu abin da har na mutu ba ni mantawa. Ya nutse tsakiyar tabki gaban mutane, aka jira shi fito, shiru. Maza suka shiga suna lalube da ƙafa, ni na ɗora hannu bisa kai ina ta ihu, liman har ya fara salati. Ashe ɗan nema ta can ƙetare ya ɓullo cikin ciyawa, ya zagayo ta bayan gari. Da muka dawo gida muna kuka, muka iske shi zaune bakin murhu shina gasa kifi, har shina tambaya wa ya mutu. Ubansu ya bi shi da kara har gidan maigari.

Fati, matar da Auta ya aura, 'yar Cadawa ce, man gyaɗa take sayarwa ran kasuwa. Shi ya gan ta, ita ta gan shi, babu wanda ya haɗa su. Doguwa, mai baki kamar reza. Ran da ya fara zuwa zance ta ce mashi, "Kai ne mai nutso? To in ka nutse mani ran biki, wallahi ba ni nemanka, abokin ango zan bi." Ya zo gida shina ta maimaitawa shina dariya. Aka ɗaura aure bayan kaka, aka kawo ta ɗakin can na kusurwa. Ko damina guda ba su yi tare ba.

Shekarar nan ubansu ya rasu, hatsi kuma bai yi ba. Da can in rani ya yi Katsina suke zuwa ko Kano, su yi ga-ruwa, su yi dako, hadari na fara haɗuwa su dawo. Sai wani ya zo daga arewa da agogo da rediyo mai kaset, ya cika ma samari kunne da Aljeriya, wai can aikin gini ya fi ƙarfin masu yi. Auta ya ce sai ya je. Rilwanu ba ya so, amma na ce mashi, "In ka bar shi shi kaɗai, wa zai riƙe mashi wuya?" Suka tafi biɗa su biyu, Agadas, hamada, gari bayan gari, har suka kai inda ƙasa ta ƙare, wani gari bakin teku gabas da babban birninsu. Can suka samu aiki wajen masu gina bene, suna ɗaukar siminti da bulo, suna kwana cikin ginin da ba a gama ba. Sun aiko da saƙo sau biyu. Na ƙarshe suka ce a fara sharar gona, suna nan tafe.

Muna sharar gonar kuwa, ana zafin nan na bazara, maigari ya aiko a kira ni. Wai rediyo ta ce ƙasa ta girgiza a Aljeriya, gidaje sun zube, mutane dubbai sun mutu. Na ce ƙasa kuma? Ƙasar da muke takawa? Yo ita jaki ce da za ta girgiza? Ni ban taɓa ji ba, uwata ba ta taɓa ji ba. Na ce ai ƙasar da faɗi, ba lalle inda suke ba ne. Ruwa ya sauka, muka yi shuka ni da Fati da Balkisu matar Rilwanu. Aka yi noman fari ba su, aka yi maimai ba su, aka yanke hatsi, shiru. Duk motar da ta tsaya bakin hanya sai Fati ta sami dalilin zuwa rijiya.

Sai da sanyi ya shigo Rilwanu ya dawo. Da hantsi ne, Fati na daka tsakar gida. Ya yi sallama ya shigo shina jan ƙafar hagu, ba komai hannunshi sai 'yar leda. Fati ba ta dube shi ba, bayanshi take dubawa. Ta tsaya da taɓarya sama tana jiran na biyu shi shigo. Sai kaza ce ta biyo shi.

Abin da ya faru, ba rana ɗaya ya faɗa mani ba, guntu-guntu na tsinta. Ya ce gab da magariba ne, sun tashi aiki, suna waje suna alwala da ruwan bido, jarkar nan ta roba. Sai ya ji ƙara daga ƙarƙashin ƙafarshi kamar manyan motoci sun biyo ta cikin ƙasa. Buta ta faɗi, shi ma ya faɗi, in ya tashi shi sake faɗuwa. Benen da suka yi wata da watanni suna hawa da siminti bisa kai, ya ce ya gan shi ya zauna, hawa bisa hawa, kamar an jera faifai. Na kusa da shi ma haka, shi kuwa da mutane ciki, mata na girkin dare. Ƙura ta tashi, ba ka jin komai sai kururuwa. Suka ruga inda babu gini, babu inda ya fi kusa sai bakin teku.

Suna isa suka ga abin mamaki. Tekun ya janye. Ruwan nan da kullum shike dukan duwatsu ya koma can nesa, ya bar rairayi jiƙe, jiragen masunta kwance bisa gefe, ga kifi nan shina ta tsalle, manya, irin waɗanda ba su taɓa sa wa baki ba tun da suka je. To ke gaya mani, ɗan garin nan da ya ga ruwa ya ja baya ya bar kifi, me zai ce? Su ya zo. Gidansu ya rushe, tukunyarsu na ƙarƙashi, ba su san abin da za su ci ba. Auta ya tuɓe riga ya ƙulle hannuwanta ya yi buhu, ya ce, "Yaya, ko banza mun sami na miya!" Ya sheƙa. Wasu 'yan garin na can bisa tudu suna ɗaga masu hannu suna ihu da Larabci. Rilwanu ya ce shi ya zaci cewa suke kifin nasu ne, kada baƙi su taɓa. Shi ma ya shiga, amma kusa-kusa shike tsinta. Auta ko ka san shi, manya shike so, ya yi gaba.

Tabkinmu in ya janye, ya janye ke nan sai wata damina. Wannan kafin ka gama sallah ya dawo. Rilwanu ya ce ya ɗaga kai ya ga ruwa tafe, ga Auta tsakani da riga cike bisa kafaɗa, ya juyo shina gudu bai yar da ita ba. Ruwan ya cim mashi ya rufe shi. Shi Rilwanu kuma ruwan ya kwashe shi ya maka shi da jikin wani jirgi, nan ƙafar ta karye, wasu suka jawo shi. Duhu ya shigo, babu wuta ko'ina cikin garin.

Da ƙafar ta ɗan kama ƙasa, ya bi duk inda aka jera gawawwaki shina buɗe fuska. Ya shiga cikin masu tonon gini don shi ga wanda za a fiddo. Ya bi bakin tekun gabas da yamma shina duba abin da ruwa ya tofo. Ba shi da takarda, ba shi jin harshensu, wa zai tambaya? Haka har aka kwashe su, su marasa takardu, aka zubo su bakin iyaka.

To nan maganar take, Ummukulsum. Washegarin dawowarshi liman ya zo da dattawa, aka shimfiɗa tabarma ƙofar gida, mu mata muna bayan zana muna ji. Liman ya ce, "Rilwanu, sai haƙuri. Ka ga rasuwar ɗan'uwanka?"

Ya ce, "Na ga ruwa ya rufe shi."

"To ai shi ke nan, Allah shi..."

"Dakata, Malam. Ruwa ya taɓa rufe Auta gabanka, har ka fara salati. Ina ka iske shi?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Liman ya ce, "Wannan teku ne fa."

Ya ce, "Ni dai ban ga gawa ba. Ba ni kashe ƙanena da bakina."

Liman ya ce shi ba ya iya sa mace takaba alhali mutum guda da ya gani ya ƙi cewa mijin ya mutu. Sai dai a kai magana gaban alƙali, shi yanka mata shekarun jira. Wa zai kai? Uban Fati ya rasu, baffanta ya ce shi ba ya jan surukai gaban shari'a. Ita kanta Fati lokacin nan da ka ce mata takaba sai ta watsa maka ruwan zafi. Ni ma da na ji maganar Rilwanu sai da na ji sanyi cikin raina. Ba a yi sadaka ba, ba a karɓi gaisuwa ba. Fati ta zauna ɗakinta, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

Rilwanu kuwa tun daga nan zama ya ƙare mashi. Ɗakin soro ba ya kwana ciki, ya ce ƙasa ce aka ɗora ma mutum bisa kai tun bai mutu ba, ya kafa rumfar kara tsakar gida, har yau ita ce ɗakinshi. In amalanke ya wuce bango ya ɗan motsa, sai ka gan shi waje da cokali a hannu. Gona kuwa, in shina noma ya ji ƙarar mota bisa hanya, sai shi bar hauya tsakiyar kunya shi bi. Ran kasuwa shina Gazawa tun safe, duk motar da ta tsaya shi leƙa ta taga, shi leƙa bayanta. In ya ga mai jaka irin ta 'yan arewa shi riƙe mashi hannu, "Daga ina? Ka ga wani baƙi siriri mai wushirya, ɗan wajen nan, Auta ake ce mashi?" Direbobi suka gaji da shi, ɗayansu ya ce, "Kai Malam, tunda kullum kanka na cikin motata, kira mani fasinja mana ka ci tuwo." Ka ji yadda ya zama ɗan kamasho. Mutumin da ba ya iya kiran akuya, ya koyi kururuwa don kada a kore shi daga tasha.

Sai fara ta zo ta cinye hatsi, yunwa ta biyo. Ke ba ki san wannan shekara ba, Allah shi sa kada ki san irinta. Anza, 'ya'yan itacen dajin nan, muke jiƙawa kwana da kwanaki mu zubar da ɗacin mu ci, mu bi tururuwa gidanta mu tono hatsin da ta tara. Mutanen Cadawa suka aiko Fati ta koma gida ta ci abin da suke ci. Ta ce in ya dawo ya iske ɗaki rufe fa? Ta zauna ta rame tare da mu, wuyan nan nata mai kyau ya zama kamar na zabuwa.

Kuma ba a barin mu mu huta. Yau a ce an ga mai kama da shi Arlit shina tura kura. Gobe a ce shina gidan kaso Libiya. Kowace magana Rilwanu shi kawo ta gida da gudu, ido na ƙyalli, Fati ta share ɗaki, ta wanke zanen gado, ta je kitso. Sati biyu, sati uku, kitso shi tsufa. Wanda ya fi ci mana rai na Agadas ne. Wani direba ya rantse da Alƙur'ani akwai wani mai taɓin hankali bakin tashar can, ba ya magana, in ya ga ruwa sai shi ruga, kuma shina da wushirya. Rilwanu ya sayar da tunkiyar Balkisu ya hau mota. Ya je ya iske mutumin, ba shi ba ne, wani bawan Allah ne ɗan wajen Tawa. Sai da ya yi mashi aski, ya saya mashi riga, sannan ya juyo. Ran da ya dawo Fati ta yi lalle hannu da ƙafa. Ta dube shi daga bakin ɗaki, ta koma ciki ta saki labule. Tun daga ranar ban ƙara ganin ta share ɗakin don wani labari ba.

Damina huɗu ko biyar muna haka. Sa'o'in Fati duk sun yi goyo na biyu, na uku. In ana biki ba ta san inda za ta zauna ba, cikin matan aure a yi ta zancen maza, cikin zawarawa a ce ke ai da igiya bisa kanki. Sai ga Abdurrahaman, wani tela na Cadawa, matarshi ta rasu ta bar mashi 'ya'ya biyu. Mutumin kirki, ya san ta tun tana tallan mai. Bai zo wajenta ba, wajen baffanta ya je, baffan ya aiko gwaggonta Kadi ta same ni. Kadi ta ce, "Mairo, ke uwa ce, mu ma mun haifa. Yarinyar nan sai ta tsufa tana jiran ruwa shi yi amai?" Na kira Rilwanu na gaya mashi. Ya ce, "Inna, in na ce ya mutu, aka ɗaura mata aure, ran nan ya sauko daga mota gabana, in ce mashi me? In ce na sayar da matarka ina kiran fasinja?" Ya saɓa riga ya fita. Abdurrahaman ya ce zai jira zuwa kaka, in babu magana shi nemi wata, 'ya'yanshi ba mai yi masu wanka.

Kin san Fati ba ta iya tunkarar Rilwanu. Wan miji ne. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, ba ta kama sunanshi, in ya shigo ta durƙusa ta gaishe shi ta wuce. Da ƙanen miji ne, da ta yi mashi tatas. To sai ta yi abin da ba a taɓa yi ba garin nan.

Wata safiya ta Juma'a, hatsi ya fara fidda kai, na fito na iske ta zaune bakin ɗakinta bisa tsohuwar tabarma. Ta kwance kitso, ta cire 'yan kunne da warwaro, ta ɗaura wani tsohon zane, ga 'yar wuƙa riƙe hannunta irin ta masu takaba. Na ce, "Fati, lafiya? Wa ya mutu?" Ta ce, "Inna, ni na gaji. Na shiga." Na ce, "Wa ya sa ki?" Ta ce, "Ba kowa."

Kafin hantsi gari ya ɗauka. Mata suka cika gidan nan, sun zo kuma ba su san abin da za su ce ba. A yi gaisuwar mutuwa, ba a ce an mutu ba. A yi ta hira, ga mace da wuƙa a hannu. Wata ta ce "sannu da haƙuri", wata ta ce "sannu da zama". Maza suka tsaya ƙofar gida cirko-cirko, ba wanda ya shimfiɗa tabarma. Liman ya aiko cewa wannan ba takaba ba ce, ko shekara ta yi zaune ba ta ƙirguwa, sai mai shaida ya yi magana. Fati ta ce a gaya ma Malam ta ji, ita dai ba ta tashi.

Yaro ya hau keke ya kai ma Rilwanu labari tasha. Bayan la'asar sai ga shi, gumi har gwiwa. Bai shigo ba, ya tsaya bayan zanar da ta raba sashenmu da nashi, ina ganin ƙafafunshi ta ƙasa, ya taka nan ya taka can. Ya ce, "Inna, ki ce mata ta tashi. Mugun fata take ma ɗan'uwana."

Fati ba ta ɗaga kai ba. Ni take ma magana, amma da ƙarfi yadda zai ji. Ta ce, "Inna, ki tambayar mani Yaya. Shi tekun nan, in mutum ya tsaya bakinshi, shina hango ƙetare?"

Ban ma buɗe baki ba ya amsa. Ya ce, "Ba a hangowa. Ruwa ne har shi haɗe da sama."

"Inna, ki tambaye shi, akwai ciyawa ciki da mutum zai kama?"

Ya ce, "Babu."

"Ana iya shan ruwan?"

"Gishiri ne."

"Inna, da Yaya ya bi bakin ruwan shina nema, kwana nawa ya yi?"

Ya ce, "Tun ana shuka nan har aka yanke."

Ta ce, "To Inna, ni ban je lakol na yi boko ba, ban ga teku ba. Amma na san mijina. Mutumin da ba ya iya kwana biyu bai tsokani wani ba, shi ne zai yi shekara biyar da rai bai aiko ya ce mani ko 'mai man gyaɗa' ba? Yaya shina tsoron ranar da zai sauko daga mota. Ni ranar nan na yi mata kitso har gashina ya ƙare. Ki tambaye shi, da shi ruwan ya rufe, Auta ya dawo, haka zai so a aje Yaya Balkisu?"

Balkisu na gefe tana tankaɗe, ta aje rariya ta fashe da kuka. Ƙafafun nan na bayan zana suka daina motsi. Na daɗe ban ga sun tsaya wuri guda haka ba. Sannan suka juya suka fita. Na ce shi ke nan, ya koma tasha, wata ƙila ma Agadas.

Ashe masallaci ya nufa. Waɗanda ke wurin suka ce ya jira aka sallame magariba, ya matsa gaban liman ya zauna, ya ce a tsaya kada kowa shi fita. Ya ba da labarin tun daga buta har jirgin da ya karya shi, abin da bai taɓa faɗi gaban maza ba. Ya ce ruwan da ya gani ba irin wanda ake fitowa ba ne, ya sani tun ranar, bakinshi ne ya ƙi. Liman ya ce, "Ka shaida?" Ya ce, "Na shaida Auta ya rasu." Liman ya ɗaga hannu ya ce Allah shi jiƙanshi, masallaci ya amsa. Suka ce amin ɗin Rilwanu ta fi ta kowa ƙara, muryar tasha ce ta fito.

Ni sai lokacin na yi kukan ɗana. Shekara biyar ban yi shi ba.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi, aka yi gumba aka raba, mutane suka zo har daga Gidan Sori, dangin ubansu. Babu kabari da za a nuna, mutane na ta tambaya, a ce masu shina cikin ruwa. Liman da dattawa suka je suka sanar inda ya kamata, liman ya dawo ya ce Fati ta ƙirga takabarta daga ranar shaida. Ta yi wata huɗu da kwana gomanta nan bakin ɗakin can. An aika ma Abdurrahaman, ya ce tunda magana ta fito, ko bayan kaka ne shina jira. Rilwanu ne ya riƙa kawo mata itace da 'yar tsaraba daga kasuwa, shi aje bakin zana shi wuce.

Da ta fita, ta yi wanka, aka ɗaura aure can Cadawa wajen baffanta. Ran tafiya muka ɗora kayanta bisa amalanke muka raka ta Gazawa, ni da Balkisu. Rilwanu shi ya sami motar, shi ya ɗaure gado da kwalla bisa, ya ja igiya ya sake ja. Wani ɗan kasuwa ya riga ya zauna gaba, ya ce mashi, "Alhaji, koma baya, wurin nan da mai shi." Alhaji na faɗa, direba na dariya shina cewa yau kamasho ya zama mai mota. Fati ta zo ta durƙusa gabanshi nan cikin mutane, ta ce, "Yaya, na tafi. A yafe mani." Ya kau da kai ya ce, "Ba ki yi komai ba. Ki shiga, rana na yi." Ta shiga, ya rufe mata ƙofa da kanshi, ya buga bayan motar da tafin hannu, ta tashi.

'Ya'yanta biyar yanzu, ban da biyun da ta iske. Kowace sallah tana aiko mani da man gyaɗa. Ɗakin nata kuwa mun rasa wanda zai shiga, sai muka riƙa zuba wake ciki.